Jinin Ƙaninta Ne a Jikinta

Daren da na haifi Auta, Gwaggo ce ta karɓi mabiyya daga hannun nas a ƙunshe cikin baƙar leda. Ta kai gida ta wanke, aka haƙa rami a bayan ɗakinta aka binne, kamar yadda aka binne tawa da ta mijina da ta duk wanda aka haifa a zuri'armu. Mata suna ta shigowa barka, an samu namiji. Ni kuwa na juya fuskata bango ina kuka, har nas ta zaci wani abu ne ya fashe mini a ciki. Ba ciwo nake ji ba. Ɗan jinin da ya rage a igiyar cibiyar nan, wanda bai cika kofin shayi ba, shi muka shekara biyu muna nema, a kansa muka sayar da gona.

Ba zan kama sunan kowa ba. Ɗan farina dama ko yana raye bakina ba zai iya faɗin sunansa ba, sauran kuma suna da rayuwarsu a gaba.

Auren zumunci aka yi mana. Mijina ɗan Gwaggo ne, yayar mahaifina, tun ina rarrafe yake tsokanata da wasan taubasai, har yau kuma Yaya nake ce masa. Ba a yi mana gwajin jini ba, babu ma wanda ya kawo zancen. Abin kunyar shi ne ni malamar bayoloji ce a makarantar sakandaren 'yan mata a nan Kano. Na sha zana akwatin nan mai gida huɗu a allo, in sa AS a sama, AS a gefe, in ce wa yara su faɗa mini abin da zai faɗa a kowane gida. Suna amsawa baki ɗaya: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Ban taɓa kawo kaina cikin akwatin ba. Kuma kada a ɗora wa zumunci laifin duka. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da S ɗin nan, jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar kowace shekara, mafi yawan iyayensu ba su haɗa kaka ba.

Yaron ya zo ƙato, ja, mai kumatu. Wata biyar ko mura bai yi ba. A wata na shida bayan hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, in ka taɓa sai ya ƙwala ihu. Gwaggo ta ce sanyi ne, aka jiƙa sassaƙe. Idonsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce. Sai daga baya na gane abin da ya rufa masa asiri a watannin farko. Jariri yana zuwa duniya da irin himogulobin ɗin da ya yi amfani da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa (himogulobin shi ne sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jar ƙwayar jini). A hankali jiki yake rufe wannan ya buɗe na manya, a na manyan kuwa aibin yake. Harafi ɗaya ne tak ya sauya a ƙwayar gado da ke kan kuromozom na 11, amma ya isa ya sa jar ƙwayar jini ta koma kamar lauje in iska ta yi mata ƙaranci, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Ta mai lafiya tana kwana 120 tana aiki, ta mai sikila da ƙyar take wuce kwana 20.

Yana da shekara biyu da rabi, wata rana da la'asar ya yi zazzaɓi, kafin isha cikinsa ya ɗaure ta ɓangaren hagu, leɓensa ya yi fari fat. Saifarsa ce ta kumbura ta shanye jininsa. Ana neman jinin da za a ƙara masa ya cika a cinyata. A lokacin ina da cikin wata bakwai.

Ita ce yarinyar da wannan labari yake kanta. Da aka gwada ta aka ce SS, ban yi kuka ba, na riga na ga yatsunta. Muka shiga rayuwar da duk uwar mai sikila ta sani: folik asid kullum, maganin zazzaɓin sauro, gidan sauro, gorar ruwa a jakar makaranta, rigar sanyi tun kafin hunturu ya kankama. Damina in yara suka fita wasan ruwa, ita tana taga. Akwai daren da ta ce mini, “Umma, ki cire mini ƙafar ki ajiye, in ta daina ciwo sai ki mayar.” Shekararta biyar.

Tana da shida aka yi mata awon gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da wata 'yar na'ura da ake ɗorawa a gefen kai. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaro yana bakin shanyewar ɓarin jiki. Nata ya wuce. Aka ɗora ta a kan haidiroksiyuriya, maganin da ke sa jiki ya koma yin wani kaso na himogulobin ɗin jarirai. A nan Kano ma aka yi babban bincike a kan amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar jiki, tsakanin likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, kuma ya taimaki yara da yawa. Ita ma ya rage mata kwanciya. Amma wata safiya tana shan koko, ludayi ya suɓuce daga hannunta na dama, ta buɗe baki za ta kira ni, bakin ya karkace. Allah Ya taƙaita, ta warware cikin makonni, sai ɗan jan ƙafa. Daga nan sai ƙarin jini kowane wata, da maganin fitar da sinadarin ƙarfen da jinin mutane ke tara mata a hanta.

Likitar jini da ke duba ta, wata baiwar Allah mai magana a hankali, ita ta fara ce mana akwai dashen ɓargo. Ta ce a cikin ɓargon ƙashi akwai wasu 'yan ƙwayoyi ƙalilan, ƙwayoyin tushe, waɗanda a asibiti ake ce wa sitem sel. Su ne iyayen jini. In ɗaya ta rabu biyu, guda ta tsaya a matsayin uwa, guda ta tafi ta zama ja, ko fara, ko mai tsayar da jini in an yanke. Jajayen kaɗai jikin babba yana ƙera wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. In aka kashe na mai sikila aka zuba na mai lafiya, masana'antar ta sauya hannu. Tun 1984 aka gano haka a Amurka, a kan wata yarinya da aka yi wa dashe saboda sankarar jini, sikilarta ta tafi tare da sankarar. A Najeriya kuma an fara yi a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Farfesa Nosakhare Bazuaye.

Sharaɗin shi ne a samu wanda jikinta ba zai ɗauka baƙo ba. Akwai wata alama a bayan ƙwayoyin jikin kowa, HLA, da sojojin jiki ke dubawa su gane na gida. Rabi daga uwa ake gadonta, rabi daga uba. Aka gwada ni da Yaya, kowannenmu rabi ya dace. Wanda zai dace tsaf sai shaƙiƙi, shi ma 1 cikin 4. Na ɗauki biro a daren na yi lissafin da nake koya wa 'yan aji uku: a samu wanda ba SS ba, 3 cikin 4, a samu wanda ya dace, 1 cikin 4, a haɗa biyun, 3 cikin 16. Wato in na bar wa sa'a, ina iya yin ciki biyar ko shida ban dace ba, a hanya kuma in ƙara haifo wasu masu kuka da dare.

A wannan tsakanin ne Gwaggo ta kira ni ɗakinta. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta ce, “Ke 'yata ce kafin ki zama surukata, kin sani. Amma yaron nan ko ya ƙara aure, a samu lafiyayyu, ko cikinsu a dace da mai ba ta ɓargon.” Na ce, “Gwaggo, in don haihuwa ne ban hana ba. In don ɓargo ne, ɗan wata ba zai yi ba. Rabin alamar a jikina take.” Ta yi shiru tana jan carbi. Ba ta sake tayar da maganar ba, shi ma bai taɓa kawowa ba.

Bari in ɗan ratse, don wannan yana ci mini rai. Da labari ya bazu cewa muna neman sitem sel, wata abokiyar aikina ta zo mini da wani gari a 'yan fakiti, wai sitem sel ne na tuffa da inabi, a zuba a ƙarƙashin harshe, yana warkar da sikila da ciwon suga da rashin haihuwa. Kuɗin kwali ɗaya ya kusa rabin albashina. Ni da na karanta bayoloji sai da na sayi biyu, don uwar marar lafiya ba ta da wayo. Ƙwayar tushe abu ce mai rai, ta mutum, da ake sawa ta jijiya bayan an share mata wuri. Ba a shanya ta a daka. Garin tuffa ko buhu aka sha, tuffa aka sha.

Likitar ce ta gaya mana akwai wata hanya: a haɗa ƙwaina da maniyyin mijina a ɗakin gwaji, a duba kowane ɗan tayi tun yana kwana 5, a zaɓi wanda ba shi da sikila kuma ya dace da yarinyar, a mayar mini shi mahaifa. In an haife shi a tari jinin cibiyarsa, don cike yake da ƙwayoyin tushe. An fara haihuwa ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, wato IVF, a 1978 a Ingila, da Louise Brown. An fara dashen jinin cibiya a 1988 a Faris. A 2000 aka haɗa biyun a Amurka, aka haifi Adam Nash, jinin cibiyarsa ya ceci yayarsa Molly daga wata cutar ɓargo.

Yaya ya ce ba zai taka ko'ina ba sai ya ji ta bakin malamai. Muka je wurin wani malaminsa na fiƙihu, ni ina daga bayan labule. Malam ya ce ba sabuwar tambaya ba ce. Shaihu Jadul Haƙ na Masar ya ba da fatawa a kanta tun 1980, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta zauna a kanta a Amman a 1986. In ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, mahaifar tata, auren kuma yana nan, ya halatta. In wani na uku ya shigo ta kowace ƙofa, haramun ne, don nasaba za ta cakuɗe. Ya ce zaɓe don guje wa cuta magani ne, ba shisshigi ba. Sannan ya ce, “Malama, ki dai tabbatar sun rubuta suna daidai a jikin kwalbar.” Muka yi dariya, amma wallahi da wannan fargabar na kwana har aka gama.

Legas muka je. Gonar Yaya ta gado ta tafi, gwal ɗin aurena ya tafi, na ɗebi adashe biyu a gaba. Kwana 11 ina soka wa kaina allura a fatar ciki don ƙwai da yawa su nuna lokaci ɗaya, maimakon guda na kowane wata. Cikina ya yi nauyi kamar na haɗiyi ƙwarya. Aka yi allurar ƙarshe, bayan awa 36 aka sa ni barci aka zuƙo su. Ƙwai 13.

Abin da ya biyo baya shi ne kwanaki biyar mafi tsawo a rayuwata, kuma mafi ban mamaki. Matar da ke kula da ƙwan a ɗakin gwaji takan kira ni kowace safiya, da ta ji ni malamar bayoloji ce sai ta riƙa turo mini hotuna. Rana ta farko, ƙwallo guda da 'yan da'irori biyu a tsakiya, ɗaya gadona, ɗaya gadon Yaya, suna fuskantar juna ba su gauraya ba tukuna. Tara ne suka kai nan. Rana ta biyu ƙwayoyi huɗu. Rana ta uku takwas, kamar an tara ƙwan zabi a faifai. Rana ta huɗu suka manne suka dunƙule har ba ka gane iyakar kowace. Rana ta biyar ruwa ya taru a tsakiya, abin ya zama 'yar ƙwallo mai rami, ƙwayoyi sama da 100, duka girmanta bai kai ɗigon biro ba. A nan ne aka fara rabon aiki. Na bango, da suka kewaye, su ne za su kama mahaifa su zama mabiyya. Wani ɗan curi kuma da ya maƙale a gefe ɗaya daga ciki, shi ne mutumin. Ido da ƙashi da hanta da ƙwaƙwalwa da jini, duk daga ɗan curin nan, kuma a ranar babu ƙwayar da ta san me za ta zama. Irin waɗannan ne James Thomson ya fara rainonsu a ɗakin gwaji a 1998 har duniya ta ɗauki surutu. Na ɓargo jikokinsu ne da suka riga suka zaɓi sana'a, jini kawai suka iya.

Shekara goma ina zana wannan da alli, ina kuma karanta ayoyin Suratul Mu'minun a kan nuɗfa da alaƙa da mudga. Ban taɓa jin tsoron Allah irin na ranar da na ga hoton kwana biyar a wayata ba, ina zaune a bakin gadon masauki, janareto yana ruri a waje.

Huɗu ne suka kai ranar. Daga bangon kowanne aka tsinci ƙwayoyi biyar zuwa goma, ba a taɓa curin ba, aka aika gwaji ƙasar waje. Su kuma aka daskarar da su a ruwan naitirojin, sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda komai yake tsayawa cak. Bayan mako uku sakamako ya zo. Biyu AS, ba su dace ba. Ɗaya kuromozom ɗinsa ba su cika ba. Ɗaya ya dace da ita tsaf, mace, SS.

Wannan ta huɗun ta daɗe tana hana ni barci. A takarda ita da 'yata ba su da bambanci: mace, SS, alama iri ɗaya. Da a ce shekara takwas baya an miƙo mini irin wannan takarda, da yarinyar da ke kwance kusa da ni tana numfashi, mai son alawar madara, mai gyara mini karatun Alƙur'ani in na yi tuntuɓe, tana cikin tulun ƙarfe a Legas, ni da hannuna na ce a bar ta. Na koma wurin Malam da wannan. Ya kawo hadisin Ibn Mas'ud, kwana arba'in nuɗfa, arba'in alaƙa, arba'in mudga, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Ya ce abin da bai ma shiga mahaifa ba, ba a kiransa rai, ba kisa na yi ba. Na yarda da shi, har yanzu na yarda. Sai dai fatawa tana sauke nauyi daga wuya ne, ba ta shiga ƙirji ta share.

Bayan wata biyar muka sake, da kuɗin filin da yayana ya sayar bai gaya wa matarsa ba. Biyar suka kai kwana biyar. Na uku a jerin: namiji, AA, ya dace. Aka narkar da shi wata Talata da hantsi, aka sa shi ta wani siririn bututu, ina kallon allon sikanin, wani ɗan farin ɗigo ya gilma. Ko minti goma ba a yi ba. Na ce wa likitan, shi ke nan? Ya ce shi ke nan, saura na Allah.

A mako na bakwai na ji bugun zuciyarsa, da sauri kamar na tsuntsu. Zuciya tana fara motsi ne wajen kwana 22 da haɗuwa, tun uwa ba ta gama tabbatar da ɓatan wata ba. Ni kuwa jininsa nake bi da lissafi. Na san a mako na uku ake fara ƙera shi a wata 'yar jaka da ke wajen jikin tayin, daga baya aikin ya koma hanta, sai can ciki ya tsufa ƙwayoyin tushen su yi ƙaura zuwa ɓargo. Saboda suna kan hanya ne ake samun su da yawa a jinin cibiya ranar haihuwa. Kowane wata nakan ce a raina, yanzu suna hanta, yanzu sun fara tashi.

Ba mu gaya wa kowa yadda aka samu cikin ba sai Gwaggo da yayana. Unguwa ba ta raga wa yaro, yau a ce ɗan kwalba, gobe a ce a bincika ubansa. Zancen cibiya kuwa ko Gwaggo ba mu gaya wa ba, don mun san ba za ta yarda a ba baƙi mabiyyar jikanta su tafi da ita ba. Mun shirya zan koma Legas a mako na 37, a haihu inda za a tari jinin a jaka ta musamman cikin 'yan mintuna, kafin ya daskare. Naƙuda ta zo a mako na 35, ƙarfe biyun dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Asibitin da ya fi kusa muka faɗa. Sauran kun ji shi a farko.

Sai da muka jira shekara uku, Auta ya yi nauyin da za a iya ɗibar ɓargo a jikinsa. Shekara uku na ƙarin jini wata-wata, jijiyoyin hannunta duk suka ɓuya. A cikinsu ne wata ƙanwata, da ta gano zancen, ta ce mini cikin wasa, “Ashe Yaya kayan gyara kika haifa.” Na yi wata biyu ban yi mata magana ba, saboda ta taɓa inda yake ciwo. Gaskiya ce, da yayarsa lafiya take da ban je Legas ba. Amma mutane suna haihuwa don a samu magaji, don a ɗaure aure, don kishiya ta haihu, wasu ma ba don komai ba. Shi an neme shi da gona da gwal da hawaye. In ya girma zan gaya masa duka, ya yi mini hukuncin da ya ga dama.

Indiya muka tafi, mu huɗu. Kafin a fara, likitan dashen ya zaunar da mu ya ce in mai bayarwa shaƙiƙi ne da ya dace, sama da 9 cikin 10 na yara suna rabuwa da cutar, amma akwai waɗanda ba sa fita daga ɗakin. Na san wannan. Abin da ban shirya masa ba shi ne na biyu. Maganin da zai kashe ɓargonta, busulfan, ba ya bambanta ƙwayar tushen jini da ƙwan haihuwa. 'Ya mace kuma da ƙwanta gaba ɗaya take zuwa duniya, tun tana cikin uwarta aka gama ƙera su, ba a ƙara ko ɗaya. Mai yiwuwa ne ƙwarai ba za ta haihu ba. Yaya ya sunkuyar da kai. Mu da muka san abin da ake yi wa macen da ba ta haihu ba a garinmu, mu za mu sa hannu a kan wannan, a madadin yarinya 'yar shekara 11.

Likitan ya ce ana iya yanko wani yanki na ma'ajiyar ƙwanta a daskarar kafin a fara. Ya ba mu labarin wata 'yar asalin Kwango mai sikila da aka yi wa haka a Beljiyam tana da shekara 13, bayan ta girma aka mayar mata, ta haifi ɗa namiji a 2014. Ba alkawari ba ne, ƙofa ce da ba a rufe ba. Kuɗin komawarmu gida muka zuba a wannan aikin, daga baya 'yan'uwa suka haɗa mana na jirgi.

Kwana takwas ana zuba mata maganin. Gashinta ya zube a matashin kai, bakinta ya yi gyambo har miyau ba ta iya haɗiyewa. Ranar da suke kira sifili, aka shiga da Auta da safe, aka sa shi barci, aka zuƙi ɓargo daga bayan ƙashin ƙugunsa. Da azahar yana zaune yana cin biskit yana neman a kunna masa katun. Jakar da aka kawo ɗakinta ba ta bambanta da jakunkunan jinin da ta saba gani ba, sai ɗan kauri. Babu fiɗa, babu wuƙa. Ta bututun da ke ƙirjinta aka sa, ƙwayoyin da kansu suke bin jini su nemi cikin ƙashi su zauna, kamar tattabarun da aka saka a wani gari. Ta kalli jakar ta ce, “Umma, wannan ne duk abin?”

Daga nan sai ƙirga kwanaki. Fararen ƙwayoyin jininta suka sauka har babu, ƙuda in ya shigo ɗakin zai iya kashe ta. Kullum da asuba a ɗebi jini, da hantsi nas ta rubuta lamba a farin allo. Sifili. Sifili. Zazzaɓi ya zo a kwana na tara, na kwana a tsaye da takunkumi a fuska ina karanta duk abin da ya zo bakina. Kwana na 14 aka rubuta 100. Na 17 aka rubuta 600, ya kuma tsaya a sama da 500 kwana uku a jere, wanda shi ne alamar dashe ya kama. Fatarta ta yi ƙuraje daga baya, sojojin Auta ne suka fara kai wa jikinta hari, aka danne su da magani. Sai da muka cika kwana 100 a kusa da asibitin kafin a sallame mu.

An yi wani gwaji don a ga jinin wa ke yawo a jikinta. Da yake mai bayarwa namiji ne, abin da sauƙi, kuromozom Y ake nema. Aka same shi a kusan dukkan fararen ƙwayoyin. Da na yi wa Gwaggo bayani a waya, ta yi salati ta ce, “To ni dai kada yarinya ta tsiro gemu.” Na ce jini ne kawai, Gwaggo, sauran jikin nata ne.

Ban san wannan maganar tawa za ta dawo mini ba.

Shekara huɗu ke nan. Ba ta sake kwanciya ba, ba a sake ƙara mata jini ba. Daminar farko da muka dawo ta fita tsakar gida ta tsaya a cikin ruwa da kayanta, ni ina bakin ƙofa na riƙe bakina da hannu don kada in ce ta shigo. Girman 'yan mata bai zo mata da kansa ba, ana taimaka mata da magani. Na san kuma cikin dubban iyayen da muke haɗuwa a layin asibiti, da wuya a samu biyu da za su iya bin hanyar da muka bi. Ba mu fi su son 'ya'ya ba, gona muka fi su.

Watan jiya aka yi musu gwajin jinotayif a makaranta. Tun da gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, makarantu da yawa sun ɗauki abin da zafi, kuma na ji daɗin haka. Ta dawo tana kaɗa takarda tun daga zaure. AA. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta ce a dafa shinkafa a kai maƙwabta.

Na bari har dare, bayan Auta ya yi barci, na kira ta ɗaki na ɗauko biro. Na zana mata akwatin mai gida huɗu. Na ce takardar nan ba ƙarya ta yi ba, amma jinin ƙaninki ta gwada. Ƙwan da ke jikinki, da wanda ke ajiye a Indiya, an ƙera su tun kina cikina, kowane ɗaya S yake ɗauke da shi. In Allah Ya kawo miji, duk ɗakin gwajin da kuka je zai ba ki AA, liman zai karɓa, dangi za su karɓa. In shi AS ne, rabin 'ya'yanku za su iya zuwa da abin da kika sha. Babu gwajin jinin da zai faɗa masa, sai ke.

Ta daɗe tana kallon akwatin. Ta ce, “Ke nan sai na gaya masa komai? Har da maganar haihuwar?” Na ce har da ita. Ta ce, “In ya fasa fa?” Na buɗe baki, ban sami abin da zan ce ba.

Ta karɓi biron daga hannuna, ta juya bayan takardar makarantar ta rubuta SS ƙanana a kusurwa, ta ninke ta huɗu ta sa a cikin jakar Alƙur'aninta. Sannan ta tambaye ni ko akwai sauran shinkafa.